Ɗan Fulani, Ina Ka Jingine Fulakon?

Bawana Ɗan Fulani, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ya shanu? Au, na manta, ai yanzu babu shanu, sai bindiga M416 da hular kwano mai lamba uku a cikin waya. To, ya Erangel? Ya mutanen Pochinki?

Ba da son raina na ɗauki alƙalami ba. Ƙara aka kawo mini, kuma ka san in yaro ya yi ɓarna, ubangidansa ake nema. Dattijon da kuke katanga ɗaya ne ya tare ni a bakin masallaci ya ce in ja maka kunne. Wai tsakar dare, unguwa ta yi tsit, sai ya ji ihu daga ɗakinka: "Ku tashe ni! Ku tashe ni mana, ga shi nan bayan dutse! Wallahi ku ba mutane ba ne!" Bawan Allah ya zaci 'yan fashi ne, ya fito da tocila da taɓarya, ya leƙa ta taga. Me zai gani? Ƙato mai gemu kwance a katifa, abin ji a kunne, jijiyar wuya ta tashi, yana zagin wasu mutum uku da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Saboda masu karatu da Allah ya tsare da wannan jarrabawa, bari in yi bayani. Wasan sunansa PUBG Mobile, ya shigo wayoyin duniya a 2018. Ana ɗebo mutum 100 a jirgin sama, kowa ya diro da lema a wani tsibiri irin Erangel hannu rabbana, ya shiga gidaje yana tsintar bindiga da harsashi da magani. Wata da'ira tana ta matsewa, duk wanda ta bari a waje jininsa na zuƙewa, har a tattaro kowa wuri ɗaya. Wanda ya rage a raye shi ne gwani, ladansa kuma a rubuta masa a allo cewa ya ci kaza. Kazar da ba a figewa, ba a soyawa, ba romo. A kanta Ɗan Fulani ya hana unguwa barci.

To, zo mu yi lissafi, ko da yake na san ku lissafinku bai wuce na ƙwaryar nono ba. Mutum 100, ɗaya ke ci. In kun shiga huɗu-huɗu, ƙungiya 25 ke nan, 24 za su koma gida da kunya. Tun kafin jirgi ya tashi an gaya maka cewa faɗuwa ce abincin yau da gobe, ci kuwa baƙo ne. Amma kai duk lokacin da aka harbe ka sai ka zabura kana salati, wai abin mamaki ya faru.

Ka tuna makonka na farko? Ka shigo shagona kana taƙama, wai ka kashe mutum goma sha huɗu a wasa ɗaya, har kana tambaya ko ana ɗaukar irinku a soja. Yau zan fasa ƙwan: yawancinsu ba mutane ba ne. Sabon shiga 'yan tsanar kwamfuta ake zuba masa, masu tsayawa a fili suna harbin iska har a zo a ɗauke su, don ya ji daɗi ya zauna. Da ka zauna, sai aka fara haɗa ka da masu jini a jika. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani malamin kimiyya haifaffen Hangari mazaunin Amurka, Arpad Elo, shi ya tsara wa masu darar Turawa, wato ces, hanyar auna gwaninta da maki, hukumar ces ta duniya kuma ta karɓe ta a 1970. Wasannin gasa na intanet jikokin wannan tsari suke amfani da su: in ka ci makinka ya hau, a kawo maka wanda ya fi na jiya, in ka faɗi ya sauka. A wasan mutum biyu irin ƙwallon eFootball, ma'anar wannan ita ce komai iyawarka za a yi ta tura ka sama har ka isa inda kusan rabin wasanninka faɗuwa ne. A naku na harbi kuwa tsani ne, daga Bronze a bi ta Gold da Diamond da Crown da Ace, har Conqueror da aka keɓe wa mutum 500 na sama a kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan. Kai kana Diamond tun bara, kana kallon Crown kana haɗiyar yawu. Nan ne gidanka, Ɗan Fulani. Ka yi shara ka shimfiɗa tabarma.

Na san me za ka ce: "Netwok ne." A nan kam, ko da yake bawa ba ya gaskiya a gaban ubangidansa, zan ba ka rabi. Lambar nan da ke kusurwar allo, wadda kuke kira ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ne ya je saba ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa, ba ya ƙarawa ko don sarki. In sabar da kake wasa a kanta tana Turai, harsashinka sai ya bar Kano ya yi kilomita wajen 1,000 zuwa Legas, ya nutse ƙarƙashin teku ya yi wajen 7,000 zuwa Fotugal, sannan ya ƙarasa tsakiyar Turai. Zuwa da dawowa kusan 20,000 ke nan, wato ping 100 tun kafin a lissafa cunkoson eriyar unguwarku da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowace amarya ke kallon TikTok. Yaron Jamus da kuka yi kiciɓis da shi a ƙofa nasa bai fi 20 ba. Kai a wayarka ka riga ka shige bayan bango, a wurin saba kuwa har yanzu ƙeyarka na waje. Wannan zalunci ne na taswira, kuma ba wanda za ka kai ƙara.

Sai dai ga sauran rabin. Lambar tana da launi, kana ganinta kafin ka danna. In ta yi ja, ta gaya maka yau ba ranar neman maki ba ce. Kai kuwa sai ka ce bismilla ka faɗa, ga caji saura kashi tara, ga waya ta yi zafin da za a iya gasa gurasa a bayanta, ga an ɗauke wuta sauro na ɗaukar nasu rabon. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, duk ƙasa na kukan taransifa ta maƙale, 'yan kasuwa na riƙe da kai, kai kaɗai na gani kana kukan za a rufe kakar wasa ba ka kai Crown ba. Kuma ka shiga wasan a haka. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

In ba netwok ba, to "mai maguɗi ne". Akwai su, ban musa ba, masu gani ta cikin bango da masu bindigar da ba ta kuskure, har kamfanin kan rufe asusunsu na shekara 10. Amma a ƙidayarka duk wanda ya kashe ka ɓarawo ne, duk wanda ka kashe kuma gwanintarka ce. Wanda ya laɓe a ciyawa ya ɗauke ka matsoraci ne. Ranar da kai ka kwanta a ciyawar har ka zo na biyu, dabarar yaƙi ce. In ka koma ƙwallo aka zura maka a minti na 90, sai ka ce "an rubuta", wai wasan ne da kansa ya ga dama ya kayar da kai. Ba kai ka fara wannan zargi ba. A ƙarshen 2020 wasu mutum uku a Kalifoniya sun maka kamfanin EA, mai wasan ƙwallon FIFA a lokacin, a kotu kan cewa yana murɗa wahalar wasa a ɓoye don a sayi 'yan wasa. Kamfanin ya buɗe musu bayanan fasaharsa, ya haɗa su da injiniyoyinsa, a Maris 2021 suka janye ƙarar. Su da lauyoyinsu sun haƙura. Kai da ba ka da ko ɗan aike har yau kana kan bakanka.

Yanzu mu zo inda abin ya fi yi mini ciwo, domin mutuncin bawa ai na ubangidansa ne. Shekara da shekaru kuna cika mana baki da fulako. Bafulatani ba ya nuna yunwa, ba ya cin ƙosai a tsakiyar kasuwa, ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya cewa wayyo. Kun ce mu kaɗo ne, ba mu san kunya ba. Na taɓa tsayawa kallon sharo, kuma ko ni Babarbare sai da na jinjina. Saurayi ya tuɓe riga ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga hannu, madubi a tafinsa. Abokin karawarsa yana zagaya shi da tsumagiyar tsamiya, yana auna haƙarƙari, yana ja masa rai, makaɗa na zuba kiɗa, 'yan mata sun yi da'ira. Bulala ta sauka, fata ta tsage, jini ya biyo ciki. Yaron nan ko gira bai ɗaga ba. Madubin ya duba, ya tabbatar fuskarsa ba ta ci amanarsa ba, ya yi murmushi, ya shiga kirari. Bai ce bulalar ta maguɗi ce ba. Bai juya ya zagi abokansa don ba su tare masa ba. Ya san akwai ramuwa, kuma ya san zuwa za ta yi a kan ƙa'ida, in lokacinta ya yi, shi ya sa bai fizge sanda a hannun wani ya hau duka ba.

Jikan wannan yaro ne yau wani ɗan shekara goma sha uku daga Alƙahira ya harbe shi a cikin waya, ba jini, ba tabo, sai ya buɗe makirfo ya ambaci uwar yaron da ubansa da kakanninsa. Yaron ma ba ya jin Hausa. Dariya ya yi ya ce wani abu da Larabci, kai kuma ka amsa da "kai ne dai!" Abokan tafiyarka uku su suka ji komai, su kuma ka bi su da nasu kason: wannan makaho ne, wancan ya kwashe maganin duka, na ukun da gangan ya ƙi tashinka. Laifi tudu ne. Ka manta kai ka bar su a baya ka ruga cikin gida kai kaɗai don ka ji ƙarar akwatin da jirgi ya jefo.

Kada ka ce bindigogin wasan ne ke tayar maka da zuciya. Masana sun bincika. A 2014 Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Richard Ryan na Rochester da abokan aikinsu sun fitar da sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa abin da ke harzuƙa mai wasa shi ne jin ya kasa, ko akwai harbi a wasan ko babu. A ɗaya daga ciki Tetris suka ba mutane, wasan jera tubali da ko ƙuda ba a kashewa, sai suka murɗa wa wasu shi ya yi wuya. Bayan an gama aka ce kowa ya yanke tsawon lokacin da mai zuwa bayansa zai tsoma hannu a ruwan ƙanƙara. Waɗanda wasan ya wahalar sun ƙara wa bayin Allah kimanin daƙiƙa 10 a kan abin da sauran suka yanke. Ka ji huce haushin kaza a kan dami da hujjar jami'a. A gidanka damin shi ne ƙaninka da ya shigo tambayar caja, da uwargida da ta ce tuwo na hucewa.

Da na yi maka maganar wayar da ka maka da bango, cewa ka yi gara ka fitar da abin da ke ranka, in ka riƙe zai zame maka ciwo. Mai gyaran waya a Fam Santa ya yarda da wannan fatawa ɗari bisa ɗari. Da ya hango ka yake fara ciro sikirin daga kwali, har ya daina tambayar me ya faru. Amma wani masani, Brad Bushman, ya gwada ta a 2002 da ɗalibai 600. Aka fusata su ta hanyar kushe rubutun da suka yi. Wasu aka ba su buhun dambe su yi ta naushi suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka ce su zauna shiru na minti biyu kawai. Masu naushin su suka fito da fushi mafi zafi, masu zaman shiru suka fi su hucewa. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154, amsar ba ta canza ba: abin da ke sanyaya jiki, irin jan numfashi a hankali da natsuwa, shi ke kashe fushi, abin da ke ƙara bugun zuciya ba ya kashe shi, har gudun sassarfa ma ƙara shi yake yi. Wato duk ihun nan da kake yi itace kake ƙarawa.

Babban abin da ke cin ka ma ba wannan ba ne. Kalma uku ce: "bari in rama". An kashe ka da wuri, an zaftare maka maki, sai ka ce ɗaya ta ƙarshe. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara a zuciyar ɗan Adam ya fi daɗin riba mai girmanta, daga baya aka ƙiyasta ya kai ninki biyu. Shi ya sa maki talatin da aka cire maka ke hana ka barci, talatin da ka samu shekaranjiya kuwa ka manta da su. Sai ka koma da hannu na rawa, tafi na gumi, ido ya rufe. Mai natsuwa yakan sauka gefen taswira ya tara kaya. Kai da ke neman fansa sai ka dira tsakiyar garin Pochinki inda rabin jirgi ya sauka, ko takalmi ba ka tsinta ba aka mayar da kai akwati. Wani makin ya tafi. Ɗaya ta ƙarshe ta haifi wata, har ladan ya yi kiran assalatu. Garin neman gira an rasa ido. Kuma wanda ya kashe ka a karon farko ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan wasannin. Yana can ya yi barcinsa. A kan wa kake ramawa?

Malamai sun daɗe suna koya mana maganin fushi: a nemi tsari, a yi shiru, mai tsaye ya zauna, mai zaune ya kishingiɗa, a yi alwala. Matsalarka ita ce a kwance kake wasan, ba sauran inda za ka gangara sai ƙarƙashin gado. Don haka kai naka a juye ne: tashi za ka yi. In an kayar da kai sau biyu a jere, kife wayar, fita tsakar gida, zuba ruwa a fuska, sha fura tunda ita ce gadonku. Makirfon baƙi kuma akwai maɓallin kashe shi, kyauta ne, ba a cire ko kwabo. In ka dawo ka huce, ka danna inda ake maimaita maka yadda aka kashe ka, ka kalla da idon wanda ya harbe ka. Abin da ɗaci, na sani. Za ka ga wani Bafulatani tsaye a saman tudu, ba bishiya ba dutse, yana canza kaya a jaka hankali kwance, kansa a fili. Daga nan ake koyon wasa, ba daga zagin uwar Balarabe ba.

Wasa nake yi da kai, amma akwai inda abin ke wuce wasa. Wani Ba'amurke da ake kira Tyler1, gwanin League of Legends, bakinsa da halinsa suka sa kamfanin Riot ya kore shi daga wasan a Afrilu 2016, duk asusun da aka gane nasa ne a rufe, sai Janairu 2018 aka yafe masa. Wannan mai sauƙi ne. A Disamba 2017 wasu matasa biyu suka yi rigima a Call of Duty kan cacar dala ɗaya da rabi. Ɗaya ya sa wani ya buga wa 'yan sanda waya da ƙaryar an yi kisa ana garkuwa da mutane a wani gida a Wichita, jihar Kansas. Adireshin ma ba na abokin rigimar ba ne. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani mutumin gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba ya buɗe ƙofa, aka harbe shi har lahira. Wanda ya buga wayar shekara 20 aka yanke masa. Dala ɗaya da rabi.

Ni abin da ke ba ni mamaki, kakanninmu da naku sun yi faɗa na gaske, ba na waya ba. A 1808 mutanenku suka shiga Birnin Gazargamu, Shehu Laminu ya zo ya nuna musu hanyar gida. Duk da haka, da takobi a hannu, shi da Muhammadu Bello wasiƙu suka riƙa aika wa juna, hujja na bin hujja, har Bello ya adana wasu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Mutanen da ke da dalilin fushi sun iya zama su jiƙa tawada. Kai an ɗauke maka jaka mai lamba uku ka fita daga rukunin WhatsApp na abokanka, ka toshe lambar ɗan baffanka.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Daga yau in an kashe ka, in ji shiru. In ka kasa, ka kawo wayar Zangon Barebari da magariba in ajiye maka a akwati tare da hulunana, ka karɓa da safe tana ƙamshin turaren wuta. Dattijon maƙwabcinka kuma ka kai masa ƙwaryar kindirmo ka ba shi haƙuri, ya ce taɓaryar har yanzu tana bayan ƙofa. Kuɗin sharar da na saba ba ka in watan cika-ciki ya kama, bana kada ka sa rai. Na riga na yi magana da mai gyaran waya, kai tsaye wurinsa za su tafi, a rage bashin sikirin.